'Yan Kwaramniya

Mu huɗu munka ƙetaro daga Ƙonni,
ta Illela, a bayan motar albasa,
jita biyu cikin buhun siminti,
ganguna ɗaure da igiyar guga.

Faransanci munka yi a lakwal,
Hausa munka sha a nono,
amma da Ingilishi muke waƙa,
wanda munka tsinta a bakin kaset.
Nomau ke mai da zaren baya da biro,
yana rubuta abin da kunne ya ba shi.

Sunan da munka raɗa wa kanmu
ba mai iya furta shi a Runjin Sambo.
Gari ya ce 'Yan Kwaramniya. Munka amsa.

Daren farko, farfajiyar wani otal,
mutum sha tara, har da mai tsire.
Arzika ya ja waya guda, ta yi ƙara
awa ƙyauren kwano a iskar bazara.
Da aka tashi, wani malamin sakandare
ya biyo mu har bakin ƙofa:
"Kiɗa ya yi. Nahawu kam, Allah shi kyauta."

Shekara shida. Kaset biyu.
Mun taka Kaduna, mun kwana Legas,
can aka ce mu naɗa rawani, mu ƙara kalangu,
wai a ji hamada cikin muryarmu.
Labbo ya ce shi tsawa ya zo yi,
bai zo tallar raƙumi ba.
Munka komo a motar shanu.

Ba faɗa ya raba mu ba.
Janareta ya ƙone, munka sai da jita
munka gyara shi.
Ga wuta, ba abin jonawa.

Nomau ya koma fadamar ubansa.
Arzika na walda a Mabera,
har yau da tartsatsi yake magana.
Labbo ya nufi Agadas. Wasiƙa ɗaya.

Ni ga ni Kara, ina awon gero.
Jiya ɗiyata, mai karatu a jami'a,
ta tono kaset ƙarƙashin gado,
ta saurara, ta yi dariya har da hawaye:
"Baba, kun san me kuke faɗi?"

Na ce a'a.
Amma ta kalli hannuna.
Sun riga sun kife mudu,
suna ba ta amsa.