Kwana Tara a Gindin Turke

Kwalba ce kawai,
rabin kwalbar lemo da wani ya bari cikin rairayi
ranar Lahadi, bakin tekun Lekki maƙil da 'yan hutu.
Akawal na tafe da wata yarinya a bayansa,
uwarta na ɗaukar hoto,
sai ya durƙusa.
Bai kayar da ita ba. Wannan a rubuta masa.

Likita Morenike ta zo daga Ajah da jakarta,
ɗinki bakwai a saman kofato,
allura biyu, da lissafin da ya fi raunin zurfi.
Ta ce ƙafa za ta warke.
Ba ta faɗa mini baki zai rufe ba.

Na dama dusa da ruwan ɗumi, ya sunsuna ya kau da kai.
Na jiƙa gero ya kwana, kaji suka ci.
Na jefa kanwa a bokiti,
ya dubi fuskarsa a ruwan, ya bar ta nan.
Dokin da ke sace masara daga tiren Iya Risika
yau an miƙa masa har baki
ya tsaya kamar mai azumin da bai faɗa wa kowa ba.

Rana ta huɗu na bi motar Agege tun asuba,
awa uku a cunkoso, domin damin harawa
da tirela ta sauke daga gida.
Na rungumo shi a danfo, kwandasta na zagina,
ƙamshin gonar wake na bina har gada.
Na ce wannan kam zai tuna.
Ya ja ganye ɗaya, ya riƙe a leɓe,
iska ta karɓe.

Haƙarƙari ya fara ƙirguwa.
Ni ma wandona ya fara neman igiya.
Alhaji Sallau mai doki ya bugo waya:
Haladu, dabba ba ɗa ba ce,
akwai masu saye ko a kwance.
Na ce a ba ni zuwa Juma'a.
Ban san me zan yi da Juma'ar ba.

Da dare janareton otal na gurnani,
sauro na cin rabonsa a jikinmu biyu.
Ina goge masa geza da tsohon buhu,
ina ba shi labarin Maigatari inda aka sayo shi,
garin da ni ban taɓa gani ba.
Wani lokaci kunnensa ya motsa.
Da wannan nake kwana.

Tsoho Jatau, mai gadin kwale-kwale, shi ya ce:
kai ka taɓa cin tuwo ana tsaye a kanka ana roƙo?
Matsa. Ka cika masa ido da tsoronka.
Ya jawo akuyarsa gurguwa ya ɗaure kusa da turke,
ya zuba harawar a gabanta, ba gabansa ba,
ya ja ni bayan rumfa muka zauna kamar ɓarayi.

Akuya ba ta san kunya ba.
Ta ci, ta taka, ta ci.
Teku na ta kai da kawowa.
Aka kira la'asar a masallacin masu suya.

Sai na ji huci.
Ya miƙa wuya, ya ture ta da hanci,
ya fizgi abin da bai fi cikin tafi ba.
Ƙarar haƙoransa,
ban taɓa jin kiɗa irin wannan ba a Ikko.

Tafi ɗaya ne. Bai ƙara ba ranar.
Ƙafar na nan da kumburi, bashin likita na nan,
Juma'a kuma jibi ce.
Amma na je wurin Iya Risika
na ce ta gasa mini masara biyu,
na cinye ɗaya a tsaye,
ɗayar na sa a aljihu, inda ya saba nema.