Datsun ɗin Baba Gariba

A bayan gareji, can Suwame,
tana zaune kan duwatsu huɗu,
kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.

Baba ya ce daga Japan ta zo,
'yar mitsitsiya, har aka yi mata dariya a Kejetiya:
"Wannan gwangwanin madarar zai hau tudu?"
Ta hau.
Da buhun doya, da fasinja biyar, da akuya a but.

Kurɓin mai ya ishe ta wuni.
Ita ta biya kuɗin makarantata,
ita ta kai Inna asibiti daren da aka haifi Sakina.

Jiya mai sayen ƙarafa ya taya.
Baba ya shafa goshinta, ya daɗe, ya ce,
"Bari kazar ta ƙyanƙyashe tukuna."