Inda Aka Ɗinka

Shekara talatin ina gyaran koma
a bakin ruwan Valparaiso,
allurar katako a hannu, gishiri a leɓe.
Abu ɗaya teku ta koya mini:
koma ba ta cika yagewa a sabon wuri ba,
tsohon ɗinki take nema.

Eleuterio, mijina,
ranar da aka buɗe maka ciki cikin sanyin Yuli,
aka warware hanjin da ya murɗe,
aka rufe ka daga ƙasan ƙirji har gaban cibiya,
na ƙirga ɗinkin da idona: ashirin da uku.
Na ce a raina, hannun nan ya iya,
amma zare, zare ne.

Dakta Maturana ta zaunar da mu.
Ta ce fata mai saurin yafiya ce,
naman ƙasa shi ke da riƙo.
Sama za ta haɗe, har ta yi ƙyalli,
ƙasa tana nan ɗanya kamar kwaɓin burodi.
"Wata uku, kada ya ɗaga abin da ya fi butar shayi.
Ya rabu da taba, tari guduma ce daga ciki.
In wurin ya yi ja, ko ya fara ruwa, ku dawo."

Kai kuwa taga kake kallo,
kana lissafin matakala.
Ɗari da sittin zuwa ƙofar tsohuwa Herminia,
tukunyar gas a kafaɗa,
kana buga mata ƙarfe, tan-tan-tan,
tudun nan duka ya san ka iso.

Mako biyar ka daure.
A na shida kuɗin haya ya ƙwanƙwasa ƙofa,
kuma ya fi likita murya.
Ka ɗaure ciki da tsohon gyalena,
ka ce, "Fresia, biyu kawai, ƙanana."
Na tsaya ina jin tan-tan-tan yana hawa,
kowane bugu a cikina yake sauka.

Ba ranar ba ce.
Ƙaba ba ta yin sallama.
Sai da wata bakwai suka shuɗe,
kana wanka, tari ya sarƙe ka,
na ga abu ya leƙo a gefen tabon
kamar lemon tsami a ƙarƙashin mayafi.
Ka kwanta, ya koma. Ka miƙe, ya dawo.
Ka danna shi da yatsa kana dariya,
wai baƙo ne, zai tafi.
Ni na san irin baƙon nan.
Kifi ɗaya ke gano ɓula,
sauran su biyo bayansa.

Dakta Maturana ba ta yi faɗa ba.
Ta ce ko wanda ya bi doka sau da ƙafa,
wani lokacin ɗinkin kan saki.
Amma ranar da abin ya ƙi komawa,
ya yi tauri, ya zo da amai,
kada mu jira gari ya waye.
Sannan ta jawo aljihun tebur,
ta nuna mana abin da za ta shimfiɗa maka a ciki.

Raga.
Fara, mai ƙananan idanu,
ba ta kai faɗin tafukana biyu ba.
Na karɓa, na ja ta gefe da gefe
yadda nake gwada kayan masunta,
dariya ta kufce mini a ɗakin likita.
Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya,
ashe kai ma koma ne.

Jibi ne aikin.
Yau Nibaldo, ɗan ƙanwarka, ke hawa da tukunyar.
Bugunsa ba daɗi, bai san kiɗan ba,
na ga kana cije leɓe duk sanda ya kuskure.
Ga ka zaune kusa da ni a kan yashi,
hannu ɗaya dafe da ciki,
ɗayan riƙe da bakin koma, ina ɗinki.

Kada ka ja, Eleuterio.
Riƙe kawai.