Tsohon Turke

Mota ta sauke mu bayan la'asar,
gabas da Ngong, inda kwalta ta ƙare.
Shanu bakwai, tumaki goma sha ɗaya,
akuya guda mai tsohon ciki,
da jakin da ya ƙi saukowa
sai da yaron mota ya murɗa masa wutsiya.

Tun daga Mora suke tsaye.
Da suka taka ƙasa, sai suka ƙame
suna shinshinar iskar da ba ta san su ba.

Ciyawa har gwiwa!
Gamba, kyasuwa, harƙiya,
abin da a can muke saye dami-dami,
ga shi kwance, ba mai neman ko dala.
Sali ya kai hannu zai kwance igiya,
Baba ya ce, “Kul!
Cikin da ya saba da kara,
in ka ɗura masa ɗanya, kumbura yake yi.
Zuba musu harawar da muka zo da ita.
Gobe, in raɓa ta bushe, a sake su kaɗan.”

Muka sari ƙaya, muka ja shinge
har duhu ya haɗiye bakin gatari.

Da safe wani dattijo ya zo a kan keke,
Hamajoda, mai gonar yamma.
Ya nuna da sanda: “Nan audugata ce.
Burtali ya bi ta gindin kaɗanyar can, ya gangara rafi.
Kada ku shayar inda itatuwa suka yi duhu,
tsando na nan.”
Ya sha ruwa, ya tafi.

Tumaki ba su da dogon tunani,
kafin azahar sun manta da Mora.
Akuya ta gano kafar shinge tun kafin mu gano ta.
Jaki ya yi birgima, ya tashi ɗan gari.

Sai 'Yar Fari,
wadda aka haifa shekarar da rijiyarmu ta ƙafe.
Ta juya wa ciyawa baya, ta fuskanci arewa.
Na kai mata kanwa, ta kau da kai.
Na jiƙa dusa, ƙuda ya rufe.
Kwana biyu tana kuka a hankali,
irin kukan da ba ya neman amsa.
Hantsarta ta ɗauke, maraƙi na ta tunkuyi.

A dare na uku Inna Dudu ta tashi,
ta tone ƙullin kayanta da har yau ba ta kwance ba,
ta zaro turken nan na marke
wanda muka yi mata dariya ranar lodi,
muna cewa, “Inna, can ba itace ne?”
Wuyansa ya sule da gugar igiya,
gindinsa da sauran taki a maƙale.
Na riƙe mata tocila,
ta kafa shi da dutse, bugu tara.

Saniya ta matso.
Ta shinshina, ta lasa, ta goga wuya.
Can sai ta lanƙwashe gwiwoyin gaba,
ta sauke nauyinta a ƙasar mutane,
ta fara tuƙa.

Ba wanda ya ce uffan.

Da asuba aka tatsi rabin ƙoƙo.
Ran nan Inna ta nemo duwatsu uku,
ta girka murhu a kudu da bukka.

Ni kuwa har yanzu, in na farka cikin dare,
hagu nake lalube ina neman ƙofa,
alhali ƙofar nan tana dama.