Dala Biyu

Ni aka aika in ɗauko shi,
don ni ne sabon shiga, kuma motata ce mai ɗumi.
Gidan tsofaffin yana can ƙarshen Grand Forks,
inda gari ya ƙare,
gonakin alkama suka kwanta ƙarƙashin ƙanƙara.
Tun ƙarfe huɗu yake zaune a bakin ƙofa,
kwat ta yi wa kafaɗunsa yawa,
ga ɗan bajon ƙungiya a ƙirji, ruwan zinarensa ya koɗe.
"Alvin Torgerson," in ji shi. "Casa'in yau. Kai fa?"
Na ce sha tara.
Ya dubi ƙasa. "Takalmin nan ya girme ka."

Gidanmu dai gidan samari ne.
Haruffan Girka uku a goshin ƙofa, na tsakiya ya karkace.
Kwana biyu muna shara da goge-goge,
warin safa ya ce ba inda za shi.
Tsoho ya shaƙa, ya lumshe ido:
"Madalla. Ba ku ɓata komai ba."

Mu biyu muka tallabe shi a matakala,
wurin da hotuna suke hawa bango shekara bayan shekara.
Ya tsaya a na hamsin da biyar,
yatsa yana rawa a kan gilashi.
Wannan Duane, jirgi ya faɗi da shi.
Wannan Merle, ya auri wadda ni na fara gani.
Harlan kuwa bara-bara ɗin nan,
ɗakinsa na kallon nawa.
Mutum talatin da ɗaya,
ya bi su ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga canji,
har ya iso kan wani mai falafalan kunnuwa,
baki buɗe, yana dariya ba dalili.
Ya daɗe a nan.
"Wannan ne kawai ban san inda ya shiga ba."

Kyandir tara muka dasa a kek, kowane na shekara goma,
don kada mu ƙone gidan.
Colton ya karanta jawabi daga waya, ya yi tuntuɓe sau uku.
Sai ma'aji ya fito da littafin kuɗi
da ya tono a ɗakin ƙasa, ɓera ya ci gefensa:
"Torgerson, kuɗin wata, dala huɗu, bai biya ba."
Ɗaki ya kaure da ihu.
Tsoho ya laluba aljihu a hankali,
ya ajiye biyu a kan tebur, ya danne da cokali.
"Sauran sai na cika ɗari.
Wanda ake bi bashi, ba a son mutuwarsa."

Muka tashi muka yi waƙar gida,
baiti biyu, yadda aka koya mana,
muka fara tafi.
Shi bai tsaya ba.
Murya siririya kamar zaren gizo,
tana tsinkewa tana ƙulluwa,
ta shiga baiti na uku
wanda babu ɗayanmu da ya san akwai shi.
Samari arba'in, ko tari.
Wani ya jawo takardar goge baki yana rubutawa,
biro na huda ta.

A hanyar komawa bai yi magana ba.
Fitila na cin ƙanƙara, ƙanƙara na cin hanya.
Da muka tsaya ya miƙo hannu
don gaisuwar nan tamu ta asiri,
amma yatsun sun sandare, sun ƙi lanƙwasa.
Na kama su, na jera masa su ɗaya bayan ɗaya,
sanyi ƙalau, marasa nauyi kamar karan alkama,
sannan na sa nawa a ciki.

"Ka faɗa musu su gyara harafin tsakiyar nan," in ji shi.
Ya ɗan yi shiru.
"A'a, bar shi. Ni na karkata shi."