Dogon Landan

A Runjin Sambo, bayan isha'i,
Labbo ya ja igiyar janareta sau uku,
akwatin ya buɗe ido,
munka biya hamsin-hamsin, munka jeru bisa benci.
Nan na fara ganinai.

Yaro ne sannan, wuya kamar turmin da ba a gama sassaƙa ba.
Sunanai ya ƙi zama a bakinmu,
sai munka raɗa mishi namu: Dogon Landan.
Jikana Sirajo ke yi muna fassara:
wai lebura ne da, shina ɗaukar bulo cikin ruwan sama,
wai uwatai ke goge daɓen asibiti da dare,
da kuɗin ta sai mishi safar hannu ta farko.
Na ce, to, ɗan talaka ne, zai yi duka.

Ni da na ɗaure hannu shekara goma sha tara,
daga Kara har Gusau, har Birnin Ƙonni,
na dubi wanga dambe na raina:
hannu biyu duk mashi,
ba kalangu, ba kirari,
sai ƙararrawa irin ta 'yan firamare,
da alƙali mai farar riga shina ƙirga wa mutum faɗuwa.
Mu kam, gwiwa ta taɓa ƙasa, an kashe ka,
kakkaɓe wando ka ba wani fili.

Amma daren da anka ɗaura mishi kambu,
ɗamara mai faɗin faifai, zinari na walƙiya,
na ga ya duƙa shina kuka cikin tawul.
Na san kukan.
Na yi shi a bayan mayanka, ran da na kada Jabbi na Wurno,
saniya huɗu na kallona.

Shekara biyar ba wanda ya taɓa haɓatai.
Ya sai gida mai tafki, ya sai motoci,
abokai sunka yi mishi yawa kamar ƙuda bisa tebur ɗina.
Sai wani gajere, baƙo, wanda ba a ba ko sisi ba,
ya same shi a turmi na bakwai.
Dogo ya tafi ƙasa a hankali
kamar giginyar da gara ta gama da gindinta.
Daidai nan man Labbo ya ƙare.
Munka zauna cikin duhu da zufa, ba mai tari.

Damina biyu ba labari.
Sirajo ya nuna min hoto a waya:
tumbi, gemu, ido kamar gulbin Rima a bazara.
Na ce a rufe, ban son gani.

Ya komo kuwa.
Ƙafa ta yi nauyi, hannu bai mance hanya ba.
Ya ci biyu, ya sha ɗaya,
na ƙarshe anka kai shi ƙasa sau uku,
sau uku shina dafa igiya shina miƙewa.
Nan na daina raina ƙirgen alƙali.
Da an ƙirga min goma a Kwannawa
wataƙila da na tashi.

Jiya sunka nuna shi cikin kwat, ya aje dambe.
Magana na fita bakinai a hankali, tana jan ƙafa.
Yara sunka yi dariya.
Ni dai hannun nan nike kallo,
na dama, shina rawa bisa makirfo.

Na komo gida, Hajo ta miƙo min koko.
Na karɓa da hagu, kamar kullum,
na dama na ɓoye cikin riga
shina ta kiɗa shi kaɗai.