Ta Bakwai da Ta Takwas

Akwatin ya iso Ikeja ranar Talata,
ruwa na zuba, direba na tsine wa hanyar Apapa.
Ni na ɓalle ƙusoshin da kaina.
Bindigogi goma kwance cikin takarda mai maiƙo,
lambobinsu na bin juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Shekara ashirin da uku ke nan
ni, Sajan Barau, ke riƙe da makullin ɗakin nan,
kuma gaisuwata da kowace baƙuwa ɗaya ce:
in share mata maiƙo,
in ɗaga ta saitin taga,
in kanne ido, in leƙa cikin bututu.

Ta bakwai, sai ka ce an ɗura rana a kwalba.
Tsagin nan da ke murɗa harsashi
ya tafi yana juyi, sumul, har ƙarshe,
ba tabo, ba ƙwarzane.
Na ce, wannan ta manya ce.

Ta takwas kuwa, haba!
Ko mai huda ta sauri yake,
ko wuƙar injinsa ta dakushe,
ya bar mata layi-layi a gicciye
kamar gindin tukunyar da aka kankare da cokali.
Na tura tsumma, ya fito gashi a tashe.
Na buɗe littafi, na rubuta: sai kurtu.

Kofur Oyebanji na jingine da ƙofa.
Ya ce, Baba, taga ba ta harbi.
In takarda ta ƙaryata ka,
tsiren Asabar daga aljihunka zai fito.

Asabar ɗin, filin gwaji, mita ɗari.
Iska ta kwanta. Jirgi na sauka can bayan katanga.
Buhun yashi ɗaya, kafaɗa ɗaya, harsashi daga kwali ɗaya.
Ta bakwai ta yi biyar,
muka taka muka duba:
kamar an watsa wa kaji tsaba,
tafin hannuna bai rufe su ba.
Ta takwas ta yi nata biyar.
Oyebanji ya ɗora marfin kwalbar lemo a kai,
ramukan suka ɓace.

Na sayi tsiren. Yaji kawai na ji.

Da dare, an ɗauke wuta,
na kunna tocila, na ɗauko gilashin gyaran agogo
da na saya a Oshodi tun ina kofur.
Ciki dai yana nan, yana sheƙi.
Sai a leɓe, can bakin ƙarshe,
inda harsashi ke sallama da ƙarfe,
na ga ɗan ɓalli, bai kai ƙwayar gero ba.
Ta nan hayaƙi ke riga shi fita,
ya ɗan ture shi a kafaɗa,
turin da ba ya ƙarewa sai a takarda.
Sau nawa na leƙa ta ranar Talata?
Haske ya ja idona ciki, na tsallake ƙofa.

Kada kuma a ce kaushi kyauta ne.
Ta takwas na cin tagulla kamar mai jin yunwa;
kafin harbi na arba'in
marfin kwalba ya daina isa.
Ta bakwai, tsumma uku ta fita tas.
Wannan, har aka kira isha ina goga,
tsumma na fitowa shuɗi-shuɗi,
wuyan hannuna na tsami.

Ga kuma Ikko da nata hali:
iskar teku ɗauke da gishiri
tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
ba ruwanta da wadda ke sheƙi da wadda ba ta yi.
Kwana huɗu ba mai, dukansu su yi ja.

Har yau ina ɗaga su saitin taga,
hannu ya saba.
Amma alƙalami na jira a aljihu
sai takarda ta dawo daga fili.
Gaban lamba takwas na soke abin da na rubuta.
Da na juyo in mayar da ita kan marataya,
Oyebanji ya riga ya sa hannu, ya rataya ta a kafaɗa.